Radiyater ɗin Fijon Baba

Jama'a, yau an zubar da jini a kan radiyater!

Kun san tsohuwar Fijon Baba, wadda ta girme ni. Radiyater ɗinta ya fashe, Baba ya ce sai an gyara ta ta tashi. Na je Talaje wurin wani mai tsoffin kayan mota. Ya nuna mini biyu, sabo na alminiyom da tsoho na jan ƙarfe. Na zaɓi tsohon, shi ne irin nata.

Ina ɗagawa sai wani Alhaji da ya zo da direbansa ya cafke gefe guda.

"Saki, yaro! Ni aka yi wa alkawarinsa!"

"Alhaji, a hannuna ka gan shi!"

Tas! Ya kwaɗa mini mari. Mai kaya ya shigo rabo, direban Alhaji ya maka masa ƙarfe a goshi. Jini har riga! Muna ta ja, ba mai saki.

Sai ga maciji ya zuro kai daga cikin radiyater ɗin, ta bakin da ake sa tiyo, ya sari Alhaji a yatsa!

Ya tsira, alhamdulillahi. Ni na goya shi a babur zuwa asibiti. Ya ƙanƙame ni yana ihu: "Ɗana, ƙara wuta! Wallahi radiyater naka ne!"