Rubutu na Biyu

Jiya da la'asar wata mota ta maƙale a taɓon bakin layinmu. Ina kicin na ji kukan tayarta tana juyawa a wuri ɗaya, sai warin roba ya biyo iska ya shigo ta taga. Ban san lokacin da na ajiye ludayi na zauna ba. Wataƙila a wurinka, mai karatu, wannan ƙara ce kawai. Ni kuwa duk sanda na ji ta sai in koma 'yar shekara tara, a tsaye bakin rafin bayan garinmu da buta a hannu.

Garin namu yana gaba da Minjibir, inda gona ke manne da gona, ba ka yin tafiyar kirki ba ka ji carar zakaran wani gida ba. Babanmu direba ne. Yana da wata tsohuwar akori-kura da ta girme ni, mai ja da ƙafa huɗu, ita ke kwasar gyaɗa da gero da mutane zuwa kasuwannin ƙauye. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, sabulu ma sai an bi layi, fetur kuwa Baba kan yini a gidan mai ya dawo da rabin jarka. Motar kuma ga ta da shan mai ba kunya.

Wani bakanike a birni ya gaya masa tayoyin gaba suna juya ƙarafan cikinsu ko ba a bukata, shi ke ƙara cin man. Maganin shi ne a sa musu wani ƙarfe a tsakiya, makanikai na ce masa hob, Baba kuwa cibiya yake kiransa. Iri biyu aka nuna masa: mai kama kansa da kansa, da wanda sai ka sauko ka murɗa da hannu. Ya zaɓi na hannu. Ya ce abin da zai yanke shawara shi kaɗai a tsakiyar taɓo bai yarda da shi ba, ko mutum ne, balle ƙarfe.

Ranar da ya dawo da su ni ya kira, don ni kaɗai ce 'yar boko a gidan. A kan kowace cibiya akwai kibiya da rubutu biyu na Turanci. Da ƙyar na haɗa baƙaƙen: na hagu firi, na dama lok. Ya yi dariya ya ce ashe ba tsalle-tsalle kawai nake zuwa yi makarantar ba. Sannan ya nuna mini. A hanya mai kyau kibiya tana kan rubutu na farko, tayoyin gaba a sake. In an zo yashi ko taɓo, a sauko a murɗa duka biyun zuwa rubutu na biyu, kana a shiga a ja gajeriyar sandar nan ta kusa da giya, wadda direbobi ke kira giyar taimako. Jan sandar ba a murɗa cibiya ba aikin banza ne, harara a duhu.

Sai kakanmu, mahaifin Baba, wanda kowa ke ce wa Malam. Littattafai yake karantarwa a zaure, har daga Gezawa ake zuwa ɗaukar karatu. In ya ce wata ya tsaya, ba mai sake ɗaga kai sama. A cikin gida kuwa mijina ne na wasa, yana ce mini uwargida, ina ce masa tsoho mai rowar goro. Kullum ya gan ni da littafi sai ya tsokane ni, wai karatunmu na bahagwai ne, da baya yake tafiya.

Cikin marka, da hantsi, ana maimai, macijiya kasa ta sari Baba a ƙafar hagu. Nan take aka ɗaure ƙafar tamau da igiya a ƙasan gwiwa, yadda kowa ya san ana yi a lokacin. Aka kwantar da shi a bayan motarsa don a kai shi asibiti, Malam ya zauna a gefensa. Baffa, ƙanensa, shi ya hau sitiyari, alhali tuƙin rani kawai ya iya, kuma yana cin rani aka sa cibiyoyin nan. Innarmu tana jego, sai aka ce in bi su da buta da mafici.

Ba mu yi nisa ba muka iso rafi. Ruwan bai kai gwiwa ba, amma gangaren ƙetare laka ce. Motar ta shiga, ta yi ƙoƙarin hawa, ta tsaya. Baffa ya ja giyar taimako ya taka mai. Tayoyin baya suka yi ta fesa taɓo, na gaba kuwa ko gezau.

Baba ya buɗe ido da ƙyar, gumi ya jiƙe shi. "Cibiya," ya ce. "Malam, a kai kibiya kan rubutu na biyu. Duka biyun."

Daga nan idonsa ya sake rufewa. Malam ya tattare riga ya sauka cikin laka, ya share cibiyar dama da gefen hannu, ya duba. Ya zagaya ya duba ta hagu. Na biyo shi da buta don in zuba masa ruwa.

"Ai suna kan na biyun," ya ce wa Baffa. "Ƙara taka ta."

Na kalli kibiyar. Tana kan firi. Malam daga dama ya fara ƙirge, kamar yadda ya fara kowane layi da ya taɓa karantawa a duniya. Na farkonmu shi ne na biyunsa.

Na gani, na gane, kuma na yi shiru. Wannan shi ne abin da har yau yake ba ni tsoron kaina. Manoma sun baro fartanyunsu sun taru, dattawa da magidanta, fuskar Malam kuma ba alamar wasa. Wace ce ni da zan ce Malam bai karanta daidai ba? Na ce a raina ƙila ni ce na manta. Na ce yanzu wani babba zai lura. Ba wanda ya lura, don Malam ya riga ya duba, wa zai sake dubawa?

Aka tura, aka haƙa, aka shimfiɗa kara da rassan darbejiya. Aka kawo shanun huɗa guda biyu, igiya ta tsinke. Motar sai ƙara nutsewa take. Ni kuma ina ta yi wa Baba fifita, ina kallon ƙafarsa tana kumbura, tana baƙi a ƙasan ɗaurin. Hantsi ya wuce, rana ta take. Aka yi azahar a bakin rafin.

Da Malam ya sallame, ya kira ni in karɓi buta. Mu biyu ne kawai a gindin tsamiya. Bakina ya buɗe da kansa.

"Malam, namu daga hagu ake farawa."

Ya dube ni, bai gane ba. Sai na ga ganewar ta sauko masa a fuska, carbin hannunsa ya tsaya.

"Tun yaushe kika sani, uwargida?"

"Tun da ka duba."

Ya ce innalillahi, can ƙasa-ƙasa. Ya tashi ba takalmi ya shiga laka, ya kama cibiya ya murɗa. Ta ce ƙas. Ya zagaya ya murɗa ɗayar. Baffa ya ɗan ja da baya, ya taka mai, sai ga motar ta haye gangaren kamar ba ita ba. Ba wanda ya yi murna. Mutane suka tsaya cirko-cirko, taɓo har wuya, suna kallon ɗan ƙarfen da ko tafin hannu bai cika ba.

Baba ya rayu, amma a asibitin birni aka yanke ƙafar daga gwiwa. Likita ya ce dafin da sauƙi, ɗaurin ne ya daɗe. Ƙafar da yake taka kuloci da ita ce in zai canja giya. Bai sake tuƙi ba har ya koma ga Allah.

Na yi zaton duka zan sha, ko a daina yi mini magana. Ba wanda ya taɓa jin abin da na faɗa a gindin tsamiya. Malam ya gaya wa gari cewa shi ya karanta ba daidai ba, ya tsaya a nan. Bayan sati guda ya kira ni zaure, a gaban ɗalibansa masu gemu, ya miƙo mini allo wankakke.

"Rubuta mini baƙaƙenku," ya ce. "In na yi kuskure ki faɗa da ƙarfi. Malamin da ake tsoron yi wa gyara ya gama karatu."

Yanzu motar ɗana maɓalli ake dannawa daga ciki, ba mai sauka ya taɓa laka, rafin ma an yi masa gada. Ni kuma shekara talatin ina koyarwa a firamare, yara suna yi mini dariya, wai ba a ce mini na farko ko na biyu ban tambayi daga wane ɓangare ba. Ina barinsu su yi dariyarsu. Ba su ga Baba zaune a ƙofar gida ba, duk sanda mota ta wuce ta canja giya, guntuwar ƙafarsa tana motsi tana neman kuloci.