Gonar da Karatun Malam Sada Ya Ci

A Sandamu, idan aka ce Malam Sada na kurame, kowa ya san wanda ake nufi: dogon mutumin nan da hannuwansa ba sa zama wuri ɗaya. Ko da mai ji yake magana, sai ka ga yatsunsa suna bin bakinsa. Ana cewa mafaɗaci ne. Gaskiya ne, amma ba haka ya taso ba.

Mahaifinsu ya rasu ya bar su su biyu, shi da wansa Dabo, da gona guda a bayan gari, jigawa mai kyau da gawo a tsakiyarta. Dabo ya riƙe fartanya, Sada ya bi makaranta har ya fito malami, aka ba shi aji a firamare. Da haka rayuwarsa za ta tafi, ba don sanƙarau ya shigo garin wata bazara ba. Ya kama Shatu, 'yar Dabo, tana ƙarama. Ta tashi, amma kunnuwa sun tafi. Kafin shekara ta zagayo, maganar ma ta fara zubewa daga bakinta.

Sada ya riƙa kai ta ajinsa. Ta zauna tana kallon bakinsa, shi kuma bai san ta inda zai shigar mata da ko harafi ɗaya ba. Ana nan sai ya ji labarin wata jami'a a kudu inda ake koyar da yadda ake karantar da kurame, karatun shekara biyu. Ya je ofis neman izini. Aka ce ya tafi, amma ba albashi, don babu wanda ya aike shi.

A gindin gawon nan suka auna maganar, shi da Dabo.

"To, in ka dawo, nawa za su riƙa ba ka?" in ji Dabo.

"Za a ƙara mini, Yaya. An ce gwamnati za ta sa kowane yaro a makaranta. Kowane yaro, har irin su Shatu. Dole su buɗe aji, kuma ba su da malami sai ni."

"An ce. Wa ya ce?"

"Rediyo."

"Rediyo yana da gona?"

Sada ya yi dariya, Dabo bai yi ba. Ya ce shi bai san lissafin naira ba, dami ya sani, kuma daga gonar nan kowace loma ta gidansu take fitowa. Ya daɗe yana kallon Shatu tana tsintar 'ya'yan gawo. Washegari ya ɗauki gonar ya jinginar wa Alhaji Maharazu, dillalin shanu da ya koma ɗan kwangila, a kan naira ɗari shida. Jingina ba ta da ruwa: Alhaji zai noma gonar ya ci amfaninta har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa. Dabo ya koma noma ɗan fegin aro, yana haɗawa da ƙwadago.

Sada yana kudu aka raba wa ma'aikata kuɗin ƙarin albashi na Udoji. Abokan aikinsa suka sayi babura da rediyo mai kaset, shi ko kwabo bai samu ba, tunda sunansa ba ya cikin masu albashi. Ya haɗiye. Ya yi karatunsa da gari da ƙuli-ƙuli, ya dawo daidai shekarar da aka buɗe makarantun kowa da kowa.

Ya kai takardarsa ofis. Jami'in ya juya ta gaba da baya.

"Malam, wannan kyakkyawa ce. Sai dai ba ta cikin tsarin albashinmu."

"Ranka ya daɗe, ajin kurame fa?"

"Kurame? Masu kunnen ma ga su can a gindin bishiya, mun rasa inda za mu zuba su. Ka koma ajinka, in an zo kan kurame za a neme ka."

Aka mayar da shi inda ya baro, da albashin da ake ba wanda bai je ko'ina ba. A nan fushin ya fara. Kuɗi yana yawo a ƙasa kamar ruwan sama, kowa yana tara ƙwarya. Yaran da ya koya wa baƙi da wasali sun zama masu kwangila. Azuzuwan da ake ginawa ma Alhaji Maharazu ne yake gina su, ga shi kuma yana cin geron gonarsu. Shi kuwa da ya san yadda ake buɗe wa kurma duniya, an tsayar da shi gaban yara cunkus yana ihu har muryarsa ta dushe.

Bayan la'asar sai ya shimfiɗa tabarma a zauren Dabo. Shatu ta zauna, da wasu kurame da iyayensu suka kawo, har da wani daga Baure da ake ɗaukowa a keke. Ya tarar suna da tasu maganar hannun tun kafin ya zo, bai kore ta ba, ya haɗa ta da wadda ya koyo. Ba ya karɓar ko sisi. Ranar da Shatu ta rubuta "Baba" a allo ta miƙa wa Dabo, Dabo ya tashi ya fita daga zauren.

Kuɗin fansa kuwa, Sada ya ɗaure ciki yana tarawa. Bai sayi babur ba, ya ɗaga maganar aure. Kuma bai gaya wa kowa ba. So yake wata rana ya zube kuɗin cif a gaban wansa, ya wanke kunyar alkawarin da ya yi a gindin gawo. Da kakar shekara ta biyu saura kaɗan su cika. Ya ce bari ya jira su cika tukuna.

Suka cika da bazara, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ya ɗauki Dabo suka je wurin Alhaji. Alhaji bai ko taɓa kuɗin ba, ya ce su zo su ga gonar.

Tun daga nesa Dabo ya ja ya tsaya. Ƙasar ta yi baƙi. Kashin shanu ko'ina, ga turaku, ga gurbin bukkoki. Alhaji ya biya Fulani dawa da gishiri sun yi rani a kanta da garkensu.

"Kun gani," in ji Alhaji. "Da kun gaya mini da kaka cewa bana za ku fanshi abinku, da ban zaunar da shanu ba. Yanzu kuwa sai na ci takina. Damina uku."

"Uku? Ga kuɗinka a hannuna, Alhaji! Gonar ubanmu ce!"

"Wa ya ce ta ubana ce, Malam? Takin ne nawa. In kana iya kwashe shi da takardarka, bismilla."

Suka je gaban dagaci. Dagaci ya ce Alhaji ne da gaskiya, haka aka gada: mai fansa da kaka yake magana a gaban shaidu, kafin a zuba wa gona taki. Duk wanda ke wurin ya san haka. Sada ma ya sani, karatu da lissafin ƙarshen wata ne suka shafe masa.

Da suka fito, Dabo ya juyo wurin Sada.

"Tun kaka kuɗin nan suna hannunka?"

"Ba su cika ba, Yaya."

"Bakinka ma bai cika ba? Kalma ɗaya! Na ba da gonata ka je ka koyo magana da marasa ji, ka dawo ka kasa magana da masu ji. Ka leƙa rumbuna? Dubi hannuna. A gonar wasu suka tsage!"

Sada ya duba.

Kafin ruwa ya sauka Alhaji ya aiko kiransa. Ya ce yana neman akawu mai Turanci da zai tsare masa sito a Daura, don ana cinye masa siminti. In Sada zai yi masa aiki na damina ukun nan, zai karɓi kuɗinsa ya saki gonar yau, da takinta. Albashi kuwa ninki uku na abin da gwamnati take ba shi.

Ninki ukun nan ya fi komai ƙona masa rai. Ashe ƙirga buhu ya fi koyar da kurma daraja har sau uku. Ya auna zaure da tabarmarsa, ya auna rumbun Dabo. Ya ajiye aikin malanta.

A bana geron gonar ya fi mutum tsayi, tsofaffi suna cewa ko zamanin mahaifinsu ba ta taɓa yin haka ba. Dabo ya cika rumbu har ya gina wani. Malam Sada kuwa yana can sito, hularsa fari fat da ƙurar siminti, yana ƙirga buhunan da za a gina azuzuwa da su, waɗanda babu ko ɗaya na kurame. Ranar Juma'a kaɗai yake samun zaure yanzu. Na Baure ya daina zuwa.

In Alhaji ya wuce ƙofar gidan Dabo a mota ya ɗaga murya, "Akawu, ana hutawa?" sai Malam Sada ya amsa da baki, "Barka da yamma, Alhaji." Hannuwansa kuma suna faɗin wani abu dabam, da sauri, da ƙarfi. Shatu kaɗai take karantawa. Takan rufe baki da gyale tana dariya, amma shi ba ya dariya.