Na Koya wa 'Yata Kifa Goshi a Randa

Assalamu alaikum. Ni 'yar Ruwan Bago ce, aure ya kawo ni cikin garin Rogo, karatuna kuma bai wuce aji huɗu na firamare ba. Lokacin da abin nan ya faru ina da 'ya guda mai shekara bakwai, da wani tsoro da nake ɗauke da shi tun kafin a ji sunan korona: tsoron a karɓi ɗa daga hannuna a shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa. Haka aka yi da ɗana na fari a asibiti. Aka ce in jira a waje, a naɗe aka miƙo mini shi.

Da aka buɗe makarantu bayan kulle, sai aka ware ɗaki ɗaya a makarantar 'yata don duba lafiyar yara kyauta, saboda irinmu marasa hali. Kullum da safe malamar asibiti tana tsayawa a bakin ƙofa da wani abu da yara ke kira bindiga, tana saita shi a goshin kowa. Wanda bindigar ta yi wa ƙara sai a shiga da shi ciki. Yaron da ya yi fashin kwana biyu kuwa, har gida malamar take biyo shi. A wajen ɗibar ruwa mata suna ta cewa duk wanda aka samu da zafin jiki Kano za a kai shi a killace, in ya mutu ko gawarsa ba a bayarwa. Ban tambayi kowa gaskiyar maganar ba, na dai haɗiye ta.

Wata Litinin 'yata ta tashi da zazzaɓi, mahaifinta kuma yana Kano wajen aiki. In na ajiye ta a gida za a biyo ta, in na tura ta bindiga za ta tona. To da yake ina raka ta, na daɗe da lura cewa goshi kawai ake aunawa. Sai na ba ta farasitamol, na sa ta kifa goshi a jikin randa har ya yi sanyi, na jiƙa tsumma na cusa mata ƙarƙashin hijabi, na ce ta zare in ta hango ƙofa. Na ja mata kunne cewa duk wanda ya tambaye ta, lafiyarta ƙalau, in ba haka ba za a raba ta da Ummanta har abada. Na laɓe bayan darbejiya ina kallo. Bindiga ba ta yi ƙara ba. Wallahi har hamdala na yi.

Kwana uku muna haka. A na huɗu ta yi amai da safe, tafin hannunta ya yi fari fat, amma na sake kai ta randa. Da hantsi malamar ajinsu ta faɗo gidan ko sallama babu, ta ce yarinya ta faɗi tana jijjiga. Ba takalmi na isa makarantar. Ƙofar ɗakin da nake tsoro a buɗe take. Malamar asibiti ta kira ni ƙanwarta, ta ce in shigo in tallafe mata kai, ta yi mata allura. Sai da jijjigar ta lafa ta ciro tsumman daga jakar 'yata. Ta ce tun jiya ta yi mamakin goshi mai sanyi da leɓe a bushe, da ta tambaya, sai yarinyar ta fashe da kuka tana rantsuwa lafiyarta lau. An ɗebi jini a yatsa, zazzaɓin cizon sauro ne. Da a ranar farko aka gani, in ji ta, ƙwayoyin kwana uku sun isa. Ita ta raka mu babban asibiti aka yi ƙarin jini. Ba wanda ya ambaci killacewa, ba wanda ya ce in jira a waje.

Allah ya tashi kafaɗarta. Amma har yau, in ba ta da lafiya ba ta faɗa mini. Sai dai in shiga ɗaki in tarar da ita a durƙushe, goshi a jikin randa. Na gane tsorona ne ya kusa kashe ta, ba cutar ba, kuma shi na bar mata.

Roƙona gare ku iyaye mata: in jikin yaro ya yi zafi, ku kai shi a duba da zafinsa. Abin da kuka ji a bakin rijiya, ku je ku tambayi malaman asibiti. Kada ku koya wa ɗa ɓoye ciwo. Ku sa ni da 'yata a addu'a.