Yatsun Kalilu Mai Tafireta

A shekarar Udoji, lokacin da kuɗin mai suka sa kowane mai lori a Jibiya ke jin kansa alhaji tun bai ga Makka ba, Kalilu ya baro gonar ubansa a Mazanya ya kafa tebur kusa da shingen kwastan. Tafireta biyu ya saya. Ɗaya daga Kano, ta takardun wannan gefe, ɗaya daga Maraɗi, ta takardun duwan, wato kwastan ɗin Nijar. Haruffansu ba wuri ɗaya suke zaune ba, amma yatsunsa sun haddace kowacce. Yana buga takarda, yana zagin direba, idonsa na kan titi. Ni mai facin taya ne a gefensa, na sha jin zagin nan, kuma ban taɓa ganin an dawo masa da takarda ba.

Da teburin nan ya gina shago, da shi ya yi wa 'yarsa Hassana karatu. Bayan shekara talatin da 'yan kai, ita Hassanar ce ta je Maraɗi ta sayo kwamfuta ta hannu, ta ce zamani ya juya. Shagon ƙarami ne. Aka fito da teburin Malam Kalilu baranda, kusa da tulun ruwa. Ni kam abin ya ci mini rai.

Sai ga Uwaisu mai gyaran kwamfuta daga Katsina, da jaka da tinƙaho. Zai sa mata windo, manhajar da kwamfuta ba ta tashi sai da ita. Komai ya tafi daidai har aka zo inda take neman lambar lasisi, haruffa da lambobi ashirin da biyar da ke manne a jikinta. Ya buga, ta ƙi. Ya goge komai ya faro daga farko, ta ƙi. Kwana uku ana abu ɗaya. Daga ƙarshe ya share gumi ya ce lambar ta jabu ce.

Malam Kalilu kuwa yana bakin ƙofa yana kallo. Uwaisu da yatsa ɗaya yake bugu, hancinsa a kan madannai kamar kaza na tsattsagar gero, bai ɗaga kai ya ga abin da ke fitowa.

"Hassana," in ji tsohon, "in na tashe ta, tebur shi koma ciki."

"Haba Baba, wanga ba tafireta ba ce."

"Na ji. Tebur shi koma ciki?"

Ta ce to, don dai a zauna lafiya.

Abin da ya gani ke nan: madannan na Faransanci ne, irin na tafiretarsa ta Maraɗi, windon kuwa na Ingilishi ne, bai san da zaman Faransa ba. Uwaisu na danna Q, A na fitowa. Ya danna W, sai Z.

Tsohon ya zauna, ya zaro hankici ya rufe madannan ruf, ya cusa hannuwa ƙarƙashi. "Karanto mani, ɗiyata." Tana karantowa yana bugawa da zaman haruffan tafiretar Kano, idonsa na kan titi. Har ya samu zarafin yi wa wani direba tsawa kan ya gyara fakin.

Kwamfuta ta karɓi lambar, ta wuce gaba. Ni na fara ihu, ban ji kunya ba.

Uwaisu ya ce, "Malam, mi ka yi mata?"

"Bafaranshiya ce ta auri Baturen Ingila, ba mai jin wani. Ni ko tun kana ciki nike masu tafinta."

Hassana ta kama gefe ɗaya na teburin. Malam Kalilu ya nuna wa Uwaisu ɗaya gefen da haɓa. Suka shigar da shi, tafireta biyu na bisa, kuma a bakin taga ya ce a ajiye.