Bencinan aro

Mun tashi da asuba daga masaukinmu a Kano, mu huɗu har da direba. Ma'aikatar ilimi ta tarayya ce ta turo mu daga Abuja mu duba wasu makarantun firamare uku a ƙauyukan Minjibir. Abin da aka ware bana rufin makaranta ɗaya kawai zai yi, ga damina ta kawo kai. Shugabar tafiyar wata darakta ce marar yawan magana, ni kuma ɗaukar hoto ne aikina.

Da muka sauka daga kwalta sai gonaki, gona na jikin gona, an share an tara takin gida tsibi-tsibi, don na zamani ya fi ƙarfin manomi. Muka karya da koko da ƙosai a bakin hanya. Ƙosan ya ƙanƙance har direba ya ce sai ya sa tabarau kafin ya gan shi. Mai suyar ba ta yi dariya ba, ta ce mu je mu tambayi kuɗin wake.

Makarantu biyun farko duk suna da rauni. Ta ukun kuwa muka tarar da ita fes: an yi shara, an shafa farar ƙasa, yara zaune reras kan bencina. Hedimastan, wani dattijo mai furfura, ya tarbe mu da fura da dambu har da zabo. Wani gefe da aka kewaye da sabon zana ya ce tarkace ne a ciki. Darakta ta yaba masa, ta ce a cire su daga lissafi, ba su da matsala.

A ƙauyen gaba muka tsaya sallar azahar. Muna fitowa sai ga amalanken shanu maƙare da bencina. Na gane ɗaya, mai ƙafa ɗaure da jar roba, don ɗazu na ɗauki hotonsa. Mai amalanken ya ce na islamiyyar garinsu ne, aro aka yi saboda baƙi. Darakta ta ce wa direba ya juya mu koma makarantar.

An riga an naɗe zanan. Azuzuwa ne a bayansa, iska ta yaye kwanonsu tun bara, ga buhunan da yara ke zama a kai a shimfiɗe cikin rana. Hedimasta ya fito ba hula, ya tsaya cak.

"Ranki ya daɗe, da kin sanar da mu za ki dawo, ai da mun shirya."

"Malam, wannan muka zo gani. Me ya sa kuka ɓoye?"

"Baƙi tun daga Abuja, mu tarbe su da tsiraicinmu? Mai gari ya ce a rufa wa gari asiri."

Na ɗauki hotunan, amma ban taɓa jin nauyin aikina kamar ranar ba. Tausayinsa ya kama ni.

Washegari muka koma Abuja, kuma sunan makarantarsu darakta ta miƙa. Abin da na koya shi ne, duk inda muka aika da sanarwa kafin mu je, karamcin mutane muke gani, ba halin da suke ciki ba. Yaran za su samu rufi in Allah ya yarda. Shi kuwa dattijon, a ranar har mota ya raka mu, ya yi mana addu'a, amma bai ƙara ɗaga ido ya dube mu ba.