Rabin Ƙwaya da Hon Biyu

Shekara tara na yi ina kai jarkokin fetur a babur daga Jibiya zuwa ƙauyukan Maraɗi, ta hanyar daji. Mu biyu muke tafiya, ni a gaba, abokina mutumin Farfaru a baya. Ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce, in na baya ya danna hon sau biyu, na gaba ya tsaya, ko me ake ciki.

Wata rana da damina, da hantsi, muna tsallake rairayin wani rafi, sai na hango mutane da bindigogi a cikin gero. Na ji hon sau biyu a bayana. Na ƙara wuta. Bayan kwana biyu aka samo gawarsa. Duk wanda ya tambaye ni, har mahaifiyarsa, na ce ban ji komai ba. Ƙarya na yi, Allah Ya yafe mini.

Bayan sadakar arba'in hon ɗin ya fara bi na. Da rana tsaka, a layin manyan motoci na bakin iyaka, sai in ji shi dab da ƙeyata. Na san nasa, a dushe yake kamar muryar mai mura. In waiwaya, babu kowa sai direbobi da 'yan dako. Na cire madubin babur. Daga baya na daina fita, na daina cin abinci. Mai ɗakina ce ta ja ni zuwa asibiti a Katsina.

Likita ya saurare ni, amma shi ma ban gaya masa tushen abin ba. Ya ce, "Rabin ƙwaya za ka fara sha, Malam, kullum bayan magariba."

Na dubi ƙwayar, ba ta fi wake ba. Na ce, "Likita, mu da ke haɗiye tiramol uku kafin mu hau hanya?"

Ya ce, "Wannan ma za mu zo kansa. Rabi na ce."

Mai ɗakina ke raba ta da reza a kan faifai. Makon farko bakina ya bushe, ina ta hamma har cikin salla. Sannu a hankali hon ɗin ya riƙa yin nisa, kamar babur ɗin ya karya kwana. Ranar da na wuni ban ji shi ba, ban yi murna ba. Ji na yi kamar na sake ƙara wuta na bar shi a rairayi.

Sai na fara ɓoye rabin a ƙarƙashin harshe, in mai ɗakina ta juya in tofa a kwalin ashana. A kwana na huɗu hon ɗin ya dawo. Ba a titi ba wannan karon, a tsakar gida, kusa da randa, ina alwalar azahar.

Ita ta tsinci kwalin. Ta ce, "Maigida, mi ne ne wanga?"

Na gaya mata komai. Ta ce, "Ba ni za ka gaya ma ba. Ka san hanyar Farfaru."

Na iske tsohuwar, mahaifiyar abokina, a gindin bishiyar bedi tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa, na ce, "Inna, na ji hon ɗinshi. Sau biyu. Ban tsaya ba."

Hannunta bai daina aiki ba. Ta ce, "Na sani, ɗan nan. Kullum da la'asar sai ya danna a ƙofar gidan ga. Na san ba ni yake kira ba."

Na roƙi gafara. Ta ce, "Ba yau ba. Tashi ka tahi gida."

Da magariba na karɓi rabin daga hannun mai ɗakina, na haɗiye, na buɗe baki ta duba. Da na koma asibiti na faɗa wa likita gaskiya duka. Duk Juma'a ina zuwa Farfaru in durƙusa. Har yanzu tsohuwar ba ta ce ta yafe ba, amma tana turo mini tabarma.