Rubutun bara da ya tura Yaya Doka

Shekaru uku da suka wuce, in ka shiga kasuwar Gadarif ka tambayi wanda ya fi kowa sanin intanet, ni za a nuna maka, in kuma an yi jinkiri ni zan nuna kaina. Buhuna nake sayarwa a layin masu hatsi, amma abin alfaharina shi ne shafina, mudawwana kamar yadda muke cewa a nan, inda nake rubuta labarin damina da ridi da dawa. Nakan gaya wa masu shan jabana, gahawarmu ta nan, a bakin shagona cewa ko hadari sai ya leƙa shafina kafin ya san inda zai zubar da ruwa.

Wata rana manhajar da nake rubutu da ita ta dame ni da saƙo, wai fasalin shafina ya tsufa. Na zaɓi sabo, kore shar, mai manyan hotuna, na latsa, na yi ta nuna wa mutane kamar na gina bene. Abu biyu ban lura da su ba. Sabon fasalin yana ɗora rubutun da aka fi karantawa a sama, kuma yana ɓoye kwanan wata sai in kai ka shiga ka kunna. Wanda ya hau sama kuwa na bara ne, inda na ce wani mashru, wato babbar gona, kusa da garin Doka yana neman masu yankan ridi da gaggawa. Na ƙara masa gishiri irin nawa, wai nama kullum, shayi kuwa sai ka yi wanka da shi.

Yayan matata a Mafaza yake, yana da 'yar gonar ridinsa, ita ce abincin gidansa na shekara. Aka tura masa rubutun a waya. Ya duba gonarsa ya ga da sauran kwana biyar kafin ta isa yanka, sai ya ce bari ya yi aikin kwana uku a Doka ya dawo. Ya tara maƙwabta huɗu suka hau lori. Bai kira ni ba, don a ganinsa abin da aka riga aka rubuta ba sai an tambaya ba. Da suka isa, wakilin gonar ya shaida musu bana dawa aka shuka, ko kai ba ta fitar ba. A hanyar dawowa ruwan ƙarshen damina ya sauka, lorin ya nutse a baƙar lakar nan tamu, suka kwana bakwai a wurin. Ridi kuwa ba ya jiran kowa. Kafin Yaya ya kai gida kwanson ya buɗe, rabi ya zube ƙasa, tururuwa suna ta godiya.

Abin da na koya shi ne rubutu ba ya mutuwa da shekararsa, kuma wasan da kake yi a bakin shago, in ya shiga waya, wani zai ɗauke shi ya hau lori da shi. Duk mai shafi, in ka sauya fasali, ka buɗe shi a wayar wani ka gani da idon baƙo, ka kuma sauke tsohuwar sanarwar da aikinta ya ƙare.

Na je Mafaza da kaina. Na tarar da Yaya a gona yana share ƙasa da tsintsiya, yana tankaɗe abin da ya samu. Na yi masa dogon bayani a kan manhaja, laifin na ɗora mata kashi tara cikin goma, sannan na ce zan rubuta takardar ban haƙuri in sa ta a saman shafin kowa ya gani. Bai ɗago ba, ya ci gaba da tankaɗe.

"Rubuta, ya zol," in ji shi, da irin kiran da muke yi wa juna a nan. "Ita ma kar ka sa mata kwanan wata, baɗi za ta yi maka amfani."